Dabbar Da Ba Ta Da Murya: Nazarin Otak A Littafin Ursula Le Guin

Gabatarwa

Duk wanda yake karɓar rubuce-rubucen matasa don dubawa, ko a makaranta ko a zaman ƙungiya, ya san irin labarin da ya fi yawan zuwa hannu bayan na soyayya, wato labarin yaƙi da jarumtaka a wata duniya ta ƙage. A kusan kowane irin wannan labari akwai wata dabba da jarumi yake tafe da ita. Wani ya ba jaruminsa zaki mai fukafukai, wani tsuntsu mai kai uku, wani kuma damisa mai jin harshen mutane da na aljanu. Kwanan baya wani ɗalibinmu ya kawo mana littafin rubutu cike da irin wannan labari. Dabbar jarumin ta ɗauke shi a bayanta sun ƙetare teku, ta hura wuta ta ƙone runduna guda, ta kuma faɗa masa inda aka ɓoye gimbiya. Da muka gama karantawa sai muka yi masa tambaya ɗaya, muka ce, me dabbar nan take ci? Yaro ya yi shiru, can ya ce, "Malam, wallahi ban yi tunanin wannan ba."

Ba mu kawo wannan don mu yi wa yaron dariya ba, domin ya yi ƙoƙari, kuma manya da yawa ba su wuce inda ya tsaya ba. Mun kawo shi ne saboda ya nuna mana ciwon da yake damun irin waɗannan labarai. Dabbar da ba ta jin yunwa, ba ta gajiya, ba ta tsoro, ba kuma ta mutuwa, mota ce aka yi wa gashi. Mai karatu zai hau ta tare da jarumi, amma da ya rufe littafi ya manta da ita. A wannan maƙala muna so mu duba wata 'yar dabba ta ƙage da ake kira otak, wadda ba ta iya ko ɗaya daga cikin abubuwan al'ajabin da muka lissafa, amma masu karatu suna tunawa da ita fiye da shekara 50 bayan fitowar littafin da take ciki. Manufarmu ita ce mu gano yadda aka yi hakan, da inda aka yi daidai, da kuma inda muke da ja.

Marubuciyar da littafinta

Ursula K. Le Guin 'yar ƙasar Amurka ce. An haife ta a garin Berkeley na jihar Kalifoniya a shekarar 1929, ta rasu a 2018. Mahaifinta, Alfred Kroeber, masanin al'adun al'ummomi ne, kuma ana ganin tasirin wannan a rubutunta, domin idan ta ƙago ƙasa takan ƙago mata sana'o'i da bukukuwa da tsirrai da dabbobi. Littafin da muke magana a kansa, A Wizard of Earthsea, ya fito a 1968, kuma shi ne na farko cikin littattafai 6 da ta rubuta game da wata duniya ta tsibirai masu yawa a tsakiyar teku.

Tauraron littafin wani yaro ne mai suna Ged, makiyayin awaki daga tsibirin Gont, wanda aka ga yana da baiwa aka tura shi makarantar masu sihiri a tsibirin Roke. A wannan duniya kowane abu yana da sunansa na ainihi a wani tsohon harshe, kuma wanda ya san sunan abu yana da iko a kansa. Ged yana da basira, amma yana da girman kai da saurin fushi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne: garin gasa da wani ɗalibi sai ya kira ruhin wata matacciya, wata inuwa marar suna ta ɓullo tare da ita, ta yayyage masa fuska. Sauran littafin labarin gudun da ya yi wa inuwar ne, da kuma yadda daga baya ya juyo ya bi ta. Littafin yana da babi 10. Otak ya shigo a babi na 3, an tsinci gawarsa a babi na 7.

Yadda aka gabatar da otak

Abu na farko da ya kamata sabon marubuci ya lura da shi shi ne taƙaitawa. A cikin 'yan layuka kaɗan marubuciyar ta gama siffanta dabbar. Ƙarama ce, mai sulɓin gashi mai duhu, mai faɗin fuska da manyan idanu masu ƙyalli. Ana samun ta a tsibirai 4 kawai na kudu, har da Roke. Haƙoranta suna da kaifi, tana da zafin rai, shi ya sa mutane ba su ajiye ta a gida. Sannan ba ta da kuka, ba ta da murya ko kaɗan. Iyakar abin da aka faɗa mana ke nan. Ba a ce ta yi kama da tunku ko kurege ko kyanwa ba, an bar wa mai karatu ya cike sauran da irin dabbar da ya sani. Mu dai duk lokacin da muka karanta, wani abu tsakanin tunku da kyanwa muke gani.

A lura cewa rabin siffofin nan rashi ne. Ba a samun ta ko'ina, ba ta sabo da mutane, ba ta magana. Sababbin marubutanmu sukan fara ne da lissafin abin da dabbarsu take iyawa. Le Guin ta fara da shata mata iyaka, kuma daga wannan iyaka ne duk wani abu mai taɓa zuciya ya fito daga baya.

Abu na biyu shi ne lokacin da aka shigo da dabbar. Ged ya shafe watanni a wata hasumiya can ƙarshen tsibiri yana haddar sunayen abubuwa, wato yana tara makaman mallaka. A hanyarsa ta dawowa da ƙafa ruwa ya tare shi, ya kwana a gindin bishiya, da ya farka sai ya tarar da otak ya naɗe a cikin alkyabbarsa don neman ɗumi. Ged ya san sunan dabbar na ainihi, wato Hoeg. Da ya so, da ya ɗaure ta da sunan nan. Maimakon haka sai ya kira sunan ya tambaye ta ko za ta bi shi. Yaron da yake fama da son ya fi kowa, a nan ne kawai muka ga ya nemi yardar wani abu da ya fi ƙarfinsa. Marubuciyar ba ta tsaya ta gaya mana cewa Ged yana da sauran kirki a zuciyarsa ba, dabbar ce ta nuna mana.

Da ya koma makaranta da otak a ƙoƙuwar alkyabbarsa, abokin hamayyarsa Jasper ya yi masa ba'a. Ya ambaci hankakan shugaban makaranta, da wani tsohon mai sihiri da aka ce yana jan aladen daji da sarƙar zinariya, ya kwatanta dabbar Ged da ɓera. Wannan ba'a tana da amfani a zubin labarin, domin ta jera mana hanyoyi biyu na zama da dabbar daji. Mu a nan mun san su duka. Mun ga gardi yana jan kura da sarƙa da takunkumi a kasuwa don a gani a yi mamaki, mun kuma ga mai kiwon tattabaru da yake sakin su da safe su dawo da kansu da yamma. Dabbobin da suke cikin yawancin labaranmu na yaƙi kurayen gardi ne, an kawo su don nuna isar jarumi. Otak kuwa tattabara ne, yana iya tafiya amma ya zauna. Kuma saboda ya saba da Ged bai zama ɗan lele ga kowa ba, domin da Vetch, aminin Ged, ya miƙa hannu zai shafa shi, sai da ya kai masa cizo.

Wurare uku da otak ya yi aiki

Wuri na farko shi ne daren da Ged ya saki inuwa. Kafin ya fara ya miƙa wa Vetch dabbar ya riƙe masa. Da inuwar ta faɗa wa Ged, sai otak, wanda aka riga aka gaya mana ba shi da murya, ya tsala ƙara. Wani zai ce marubuciyar ta karya dokar da ta kafa da kanta. Haƙiƙa ta karya, amma da gangan, kuma a nan gwanintar take. Da tun farko an yi otak mai yawan kuka ne, da ƙararsa a daren nan ba ta ƙara kome ba. Shirun da aka gina tun babin baya shi ne jarin da aka kashe a wannan wuri. Ba sai an cika shafi da cewa abin yana da ban tsoro ƙwarai da gaske ba. Abin da ya sa bebe ya yi ihu ai ba ƙaramin abu ba ne.

Wuri na biyu shi ne zuciyar al'amarin. Bayan Ged ya gama karatu an tura shi wani ƙauyen masunta, inda ya yi abota da wani mai sassaƙa jiragen ruwa, Pechvarry. Ɗan mutumin ya kamu da zazzaɓi mai tsanani. Ged ya san yaron ya riga ya wuce magani, an kuma koya masa a makaranta cewa mai mutuwa a bar shi ya tafi, amma ganin idon uban da uwar ya sa ya bi ruhin yaron har cikin ƙasar matattu. Bai dawo da yaron ba, shi ma da ƙyar ya juyo, ya faɗi kamar gawa. Aka ɗauke shi aka kai shi ɗakinsa aka kwantar. Cikin dare otak ya sauko ya hau jikinsa, ya yi ta lasar hannuwansa da fuskarsa a hankali har ya farfaɗo.

Mu tsaya a nan mu yi tunani. Babu sihiri a cikin abin da dabbar ta yi. Duk wanda ya taɓa ganin akuya ta haihu ya ga yadda take lasar ɗanta har ya motsa ya miƙe. Abin da otak ya yi ke nan, abin da kowace dabba take yi wa nata idan ya ji ciwo. Bai san Ged ya je ƙasar matattu ba, bai san akwai wata inuwa da take jira ba. Ya ga abokin zamansa ya yi sanyi ne kawai. A littafin da kome yake tafiya da ikon suna da kalma, abin da ya ceci babban masanin kalmomi shi ne harshen da ba ya furta kalma. Da an ba otak wani ƙaho mai warkarwa ko hawaye mai tayar da matacce, da wannan wuri ya zama dabara irin ta marubucin da ya rasa mafita. Saboda an bar shi a dabbarsa ne abin ya zama gaskiya.

A kuma lura da abin da otak bai yi ba. A wannan babi ne Ged ya fuskanci babban macijin nan mai fukafukai da aman wuta na tsibirin Pendor, kuma sanin sunan macijin ne ya ba shi nasara. Ba a jawo 'yar dabbar cikin wannan gaba don a ba ta rabo a jarumtaka ba. An bar yaƙi ga mai yaƙi.

Wuri na uku shi ne mutuwarsa. A tsibirin Osskil mai tsananin sanyi, inuwar ta shiga jikin wani matuƙin jirgi ta ja Ged cikin fili, ta kira shi da sunansa na ainihi. Ged ya gudu har ya faɗa ƙofar wata fada. Da ya farka a kan lallausan gado, cikin tufafi masu tsada, sandarsa babu, otak babu. Sai da ya gane fadar tarko ce ya fito da gudu, sannan ya ga 'yar gawar a cikin dusar ƙanƙara a wajen ƙofa, jini ya bushe a gashinta. Ya ɗauke ta a hannu, amma ko lokacin kuka bai samu ba, domin abokan gaba suna tafe. Babu jawabin bankwana, babu wasiyya, babu alkawarin ɗaukar fansa.

Wannan mutuwa tana da aiki biyu. Da farko ta tabbatar wa mai karatu cewa a wannan duniya ana yin asara ta gaske, don haka tsoron da muke ji wa Ged ya ƙaru. Na biyu, ta nuna kuɗin da gudu yake ci. Muddin Ged yana gudun inuwarsa, waɗanda suke kusa da shi ne suke biya. Bayan wannan ne ya rikiɗa shaho ya tashi zuwa wurin tsohon malaminsa Ogion, ya daɗe a siffar tsuntsu har ya kusa manta maganar mutane, kuma a can ne aka ba shi shawarar ya juya ya fuskanci abin da yake bin sa.

Harrekki

A babi na 9 marubuciyar ta kawo wata dabbar ƙage ta biyu. A tsibirin Iffish, ƙanwar Vetch mai suna Yarrow tana da harrekki, wani ɗan abu mai siffar macijin nan mai fukafukai, amma bai fi tsawon hannu ba. A kan itatuwa yake zama, yana cin rina da tsutsotsi da ƙwayayen ƙananan tsuntsaye. Yarinyar tana yawo da shi a wuyan hannunta, har yakan saci waina a kusa da murhu. Ga amsar tambayar da muka yi wa ɗalibinmu: an faɗi abin da yake ci, an faɗi inda yake kwana. Bugu da ƙari, ganin wannan dabba cikin gida mai ɗumi da dariya yana tuna wa mai karatu wadda aka bari a cikin ƙanƙara. Ba a kuma ba Ged wata sabuwar dabba ta maye gurbin Hoeg ba. Gurbin ya zauna a buɗe har ƙarshen littafi, kamar yadda yake faruwa ga duk wanda ya rasa abin da ya saba da shi.

Inda muke da ja

Aikin mai sharhi ba yabo kaɗai ba ne. Akwai wurare biyu da muke ganin marubuciyar ta yi rauni.

Na farko, bayan otak ya farfaɗo da Ged, sai ta tsaya ta bayyana mana darasin da Ged ya koya, wato mai hikima ba ya ware kansa daga sauran masu rai. Maganar gaskiya ce, amma lasar ta riga ta faɗe ta. Mu malaman makaranta mun san wannan ciwo, domin mu ma idan mun ba da misali sai mun bi shi da bayani don tsoron kada wani a bayan aji bai gane ba. Ana iya yi mata uzuri da cewa don matasa aka rubuta littafin, kuma da muryar mai ba da tarihin magabata aka rubuta shi. Duk da haka, a ganinmu, da ta yi shiru a nan da wurin ya fi ƙarfi.

Na biyu, sabon ya zo da sauƙi. An ce mana dabbar ba ta sabo da mutane, amma a dare ɗaya ta zaɓi Ged. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin sabawa da ko da kyanwar da ta girma a kango ya san ana shan yaƙushi da haƙuri na makwanni. Wannan sauƙi ya sa otak ya ɗan yi kama da lambar girma da aka maƙala wa tauraro don a nuna shi na daban ne. Da an nuna mana ɗan wahalar sabon, da zafin rabuwar ya ninka.

Aku da otak

Wani ɗan ƙungiya zai iya cewa, to, ai adabinmu cike yake da dabbobi masu magana, me ya sa za a ce mu yi bebe? Gaskiya ne. Gizo da Ƙoƙi da kura suna magana a tatsuniya, kuma akun da Abubakar Imam ya sa a Magana Jari Ce, wanda ya fito a juzu'i 3 tsakanin 1937 da 1939, da bakinsa ya tsare ɗan sarki har ya kai ga zama waziri. Amma a duba da kyau. Gizo mutum ne a rigar dabba, an sa masa rigar ne don mu yi dariyar halinmu ba tare da an kama sunan kowa ba. Aku kuma malami ne mai fukafukai, kuma ya dace da littafin da jigonsa shi ne darajar magana. Wannan aiki ne daban, mai kyau a wurinsa. Matsalar tana zuwa ne idan marubuci ya rasa wanda yake so a cikin biyun. Sai ya ba dabbarsa magana amma babu hikimar aku, ya kira ta abokiyar jarumi amma babu halin dabba ko ɗaya a jikinta. A ƙarshe ba ta zama mutum ba, ba ta zama dabba ba.

Kammalawa

Ba muna cewa kowa ya je ya ƙago 'yar dabba marar murya ya kashe ta a tsakiyar littafi ba. Yin haka kwaikwayo ne, kuma mutuwar da aka shirya don a matso hawaye mai karatu yana gane ta tun daga nesa. Abin da muke cewa shi ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ƙago dabba ya ɗauki nauyinta. Kafin ya sa ta a shafi ya tambayi kansa: me take ci, kuma wa yake nemo mata? Me take tsoro? Mene ne ba za ta taɓa iyawa ba, ko da jarumi zai mutu? Me ya sa ta zauna da shi alhali tana iya tafiya? Idan aka cire ta daga labarin, me jarumin zai rasa ban da abin hawa?

Amsoshin ba su da nisa. Suna nan a tsakar gidajenmu, wurin tunkiyar da take bin mai ba ta dusa har bakin ƙofa, da karen farauta da yake ƙin cin abinci idan maigidansa ya yi tafiya. Marubucin da ya zauna ya kalli waɗannan na mako guda da idon basira zai fi iya ƙago dabbar wata duniya fiye da wanda ya kwana yana ƙara wa zaki kawuna.

Shi kuwa ɗalibin namu ya dawo da littafinsa bayan hutu. Dabbar tana nan da fukafukanta, amma yanzu tana tsoron tsawa, kuma akwai wani babi da jarumi ya sayar da takobinsa don ya saya mata abinci a lokacin fari. Wannan babi shi ne mafi kyau a duk littafin. Muna fatan sauran 'yan'uwa marubuta za su aiko da ra'ayoyinsu a kan wannan batu, ko na goyon baya ko na suka, domin a ci gaba da tattaunawa a fitowa ta gaba.